Sabon sifirin, hular ƙarfe da harsasan gwaji: abin da suka gyara a bindigata da abin da suka kasa

Kaya uku ne a leda ɗaya: dogon sifirin na bututun harsashi (bututun da ake jera harsasai a ciki), hular alminiyam da ke zama a kansa tana tura harsashi, da harsasan gwaji marasa albarushi. Na saye su ne saboda bindigar farautata, fam-akshan (irin wadda ake jan mariƙin gabanta baya a tura gaba don loda harsashi) mai geji 12 (ma'aunin faɗin bakinta) wadda ta kwana biyu a hannuna, ta fara wani hali. Harsasan farko lafiya lau, amma da an zo na ƙarshe sai ka ja mariƙi ka tura, ka danna kunama ka ji ƙas, ba komai a ciki. Wani sa'in kuma biyu su faɗo tare su cushe wurin.

Sifirin ɗin ne aka fi tallatawa a jikin ledar, amma a wurina harsasan gwajin sun fi shi amfani nesa ba kusa ba. Da su ne za ka zauna ka cika bututun, ka ja mariƙin a hankali kana leƙen ciki, ka ga abin da ke faruwa daki-daki ba tare da fargaba ba. Kafin nan dai a zazzage bindigar, a duba mazaunin harsashi da bututun da ido da kuma yatsa, a fitar da harsasai masu rai daga ɗakin gaba ɗaya.

Abin da ido zai gani shi ne: idan ka ja mariƙin baya, sakata, wato ƙarfen da ke rufe bayan mazaunin harsashi, ta buɗe ta fizgo kwanson da aka harba ta jefar. Sai can dab da ƙarshen jan, ɗaya daga cikin 'yan ƙarafa biyu da ke tsare bakin bututun ya kauce ya saki harsashi guda a kan cokalin da ke ɗagawa, ɗayan kuma ya tare na bayansa. Da ka tura gaba, cokalin ya ɗaga, sakata ta kai harsashin mazauninsa. To, tunda sakin yana zuwa ne a ƙarshen ja, duk wanda bai kai mariƙin har ƙarshe ba zai jefar da kwanso ya rufe bindiga a kan wofi. Wannan ba laifin ƙarfe ba ne, kuma babu sifirin da zai magance shi. Bindigar irin wannan ba ta son lallaɓawa, a ja ta da ƙarfi har ta tsaya, a mayar da ƙarfi.

Tawa kuwa ko na ja ta yadda ya kamata, na ƙarshen sai ya leƙo da ƙyar ya tsaya a rabin hanya. Da na zaro tsohon sifirin na ajiye kusa da sabon, ya gajarce sosai, ga tsatsa ta ci tsakiyarsa. Tsohuwar hular roba ta tsage a gefe, ta yi baƙi ƙirin da wani dattin mai da ƙura da ya daskare kamar ƙaro. Na ɗaura tsumma a sanda na bi cikin bututun har tsumman ya daina fitowa da baƙi, na bar shi a bushe. Mai a cikin bututun harsashi ƙura yake tarawa, ɗan shafe don hana tsatsa ya isa. Bayan na sa sababbin, matsalar harsashin ƙarshe ta tafi, ba ta sake dawowa ba. Hular kalar lemo ce mai haske, kallo ɗaya ka san bututun ba komai, kuma wannan ya burge ni.

Inda na ga gazawarsu: sifirin ɗin ya zo da tsawo fiye da kima, don an yi shi ne a yanke daidai da bututun kowa, amma ko 'yar takarda ba su saka ba da za ta faɗa wa mutum haka. Idan ka cusa shi yadda ya zo, lodi zai yi tauri har babban yatsa ya yi ciwo, kuma bututun ya ƙi karɓar harsashin ƙarshe. Kaɗan-kaɗan ake ragewa ana gwadawa, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Haka kuma ba su gargaɗi kowa ba cewa sifirin a matse yake, yana iya tsalle ya sami ido lokacin cirewa. A sa tabarau.

Ba kowace bindiga ake buɗewa hanya ɗaya ba. Remington 870, wadda ta fito a 1950, ta gaba ake ciro sifirinta bayan an kwance marfin bututun. A Mossberg 500 kuwa bakin bututun a toshe yake, sai an warware bututun daga jikin bindigar. Ƙarafan nan biyu masu tsare bakin bututun ma sun bambanta: a 870 an danne su ne a jikin bindigar, a Mossberg 500 kuma da ka cire gidan kunama suna iya zubowa hannunka.

Faɗowar harsashi biyu tare ita ce kayan ba su taɓa ba, hasali ma sabon sifirin mai ƙarfi ya ƙara fito da ita fili. Da harsasan gwajin na ga dalili: bakin ƙarfen da ke tare na biyu ya cinye, gindin harsashi yana zamewa ta kansa. Nan na tsaya na kai wa mai gyaran bindiga ya sauya shi. Ban yarda da shawarar masu cewa a lanƙwasa shi da filaya ba. Ƙarfen da ya cinye ya cinye, lanƙwasawa jinkirta matsalar kawai take yi.

Akwai kuma abin da bai shafi bindigar ba sam. Harsashin da ya daɗe a matse cikin bututu a wuri mai zafi, robarsa na iya kumbura ya ƙi shiga. Tsawo ma a kula: bindigar da aka rubuta wa milimita 70 a jikin bututun harbinta ba a sa mata na milimita 76. Gajerun harsasai na wajen milimita 44 kuma sukan juye a kan cokali a bindigogi da dama. Sannan wajen lodi a tura kowane harsashi har a ji ya kama, in ba haka ba ya dawo baya ya maƙale ƙarƙashin sakata.

Harsasan gwajin su ma suna da nasu aibin. Ƙugiyar sakata tana cin gefen gindinsu, nawa har sun fara zubar da ɓurɓushin ƙarfe, sai ana gogewa. Duk da haka zan sake sayensu. Wanda bindigarsa ke gardama a harsashin ƙarshe kaɗai, ledar gaba ɗaya za ta yi masa. Wanda tasa ke sakin biyu-biyu, ya sayi na gwajin kawai ya tabbatar, sannan ya nufi mai gyara.