Wata biyu a ajin JavaScript na unguwar Zariya

Atamfa da shadda muke sayarwa a shagon mahaifina cikin babbar kasuwar Maradi, kuma rabin cinikinmu yanzu ta waya ake yinsa. Mace ta ga hoto a WhatsApp, ta tambayi kuɗin turmi uku, in lissafa, in ƙara na ɗan kabu-kabun da zai kai mata gida. Bara na koyi HTML da CSS, harsunan tsara shafin intanet da ƙawata shi, a wayar salula, na haɗa ɗan shafi mai hotunan kayanmu. Ya yi kyau, amma kamar allon talla yake, duk inda ka latsa ba abin da ke motsi. Abin da ya kai ni wata cibiyar koyon kwamfuta a unguwar Zariya ke nan, don in koyi JavaScript, harshen da ke sa shafi ya motsa. Ana ajin bayan isha'i, sau 3 a mako, jikka 15 a wata.

Daren farko malamin ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar sana'ar kowa, ya ce a kanta kowa zai yi aikinsa. Tarihi bai ci masa minti biyar ba: Brendan Eich ne ya ƙirƙiro harshen a 1995 a kamfanin Netscape, kuma kada mu haɗa shi da Java, sunan ne kawai ya yi kama, kamar Maradi da Maradun. Daga nan ya rubuta abu uku a allo. Ka kamo abin da kake so a shafin da getElementById, ka sa masa kunne da addEventListener, in an latsa ka sauya rubutun da textContent. Kafin a tashi, maɓallina ya mayar da "Sannu da zuwa" ya koma "Me za a ba ki, Hajiya?" Na latsa shi ya fi sau ashirin don daɗi.

A mako na uku ne na san kuɗina bai tafi a banza ba. Na yi gurabe uku, na yawan turmi da na farashi da na kuɗin kaiwa. Na sa turmi 3 a kan 12000, kaiwa 500. Maimakon 36500, sai shafin ya fito da 36000500. Na kira malam, na ce masa kwamfutar ce ta rikice. Ya tsaya a bayana, bai taɓa komai ba.

"Danna F12," in ji shi, wato maɓallin da ke buɗe wurin yi wa kwamfutar tambaya a kan shafin. "Tambaye ta da typeof, wannan 500 ɗin mene ne a wurinta?"

Amsa ta zo cewa rubutu ne, ba adadi ba. Ashe duk abin da mutum ya shigar a gurbi, a matsayin rubutu JavaScript ke karɓarsa. Wajen ninkawa yana mayar da shi adadi da kansa, shi ya sa 36000 ta fito daidai. Alamar tarawa kuwa aiki biyu gare ta, in ta ga rubutu a gefe ɗaya sai ta liƙa su kawai. Na naɗe gurbin cikin Number, lissafi ya daidaita. Da ya karɓi kujerar ya gyara mini, da na manta kafin asuba. Haka ya yi mana ranar da wata ɗalibar jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta sa rubutunta na JavaScript a saman shafi, ya yi ta neman maɓallin da ba a kai ga ginawa ba, yana ba ta null, wato babu komai. Ya bar ta da jan rubutun kuskuren har ta gano da kanta cewa ƙasa za ta mayar da shi, ko ta ƙara masa defer, wanda ke sa shi jira a gama gina shafin.

Akwai abubuwan da suka dame ni. Mu 14 ne, kwamfuta 8, wanda ya makara sai kallo. Allon rubutunsu irin na Faransa ne, AZERTY, wanda sai ka haɗa da AltGr kafin ka sami bakan nan masu lanƙwasa da harshen ba ya tafiya sai da su, kuma ba wanda ya nuna mana, mako guda muna lalube. Wuta ta ɗauke mana dare huɗu, sau biyu ba mai a janareta, kuma ba a rama mana darasin ba. Wannan ya yi mini ciwo, don kuɗi muka biya cif. Makonni biyun ƙarshe an yi su a guje: fetch, wato ɗauko bayani daga wani wuri ba tare da sake loda shafi ba, an taɓa shi dare ɗaya da intanet mai rarrafe, har yau ban riƙe shi ba.

Bayani da Faransanci ake yi ana sirkawa da Hausa, saƙon kuskure kuma da Ingilishi yake fitowa. Malam ya nuna mana MDN, shafin intanet mai bayanin waɗannan harsuna, wanda ke da fassarar Faransanci, can nake dubawa in na maƙale. Wanda bai san HTML ba kada ya fara da wannan ajin. Mutum biyu da suka zo hakanan sun daina zuwa tun mako na biyu. Wanda ya sani kuwa, ya je, ya riƙa zuwa da wuri, ya tafi da kile ta USB, domin gwaji ba ya bukatar intanet, burauza da wurin rubutu sun isa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na miƙa wa Baba wayata a shago. Ya sa turmi 5, ya latsa, ya ɗauko ƙaramar na'urar lissafinsa ya sake bugawa. Ya dube ni ya ce, "To, sa mata ta riƙa rage wa mai sari." A kan wannan nake yanzu: in turmi ya kai 10, umarnin if, wanda ke duba sharaɗi, ya cire dala ɗari a kowane.