GARGAƊI ga 'yan'uwa na Buffalo da kewaye: an ci mini dala 1,350 a kan injin kwashe dusar ƙanƙara da janareta

Assalamu alaikum jama'a. Kwana huɗu ke nan ina rubuta wannan abu ina gogewa, saboda kunya. Amma jiya da daddare na ga tallar mutumin nan ta dawo kasuwar Facebook, hotunan dai su ne, suna kawai aka canza. Sai na ce wallahi ko za a yi mini dariya har ƙofar masallaci sai na faɗa. Dala 1,350 ya ci mini. Aikin dare nake yi, a tsaye, ina ɗaga kwalaye har asuba. Duk wanda ke irin wannan aiki ya san dare nawa ne dala 1,350.

Kafin wani ya zo ya ce mini araha ba ta ado, ku tsaya ku ji. Ni ba baƙon inji ba ne. A Kano na tashi, a gidan da janareta ya fi wutar NEPA aiki. Tun ina sakandare nake kwance kafureta in wanke ta da fetur, in kankare filogi, in mayar, inji ya tashi. Da kunne nake gane injin da ya gaji. Shekarata tara a Amurka, na sayi motoci na hannu har uku, babu wanda ya taɓa cutata ko da dala ɗaya. Kada wanda ya ɗauka wani sabon zuwa aka samu.

Kuma ba don gayu na nemi kayan nan ba. Duk wanda ke garin nan a Disambar 2022 ya san abin da muka gani. Tun ranar 23 ga wata iska da dusar ƙanƙara suka rufe gari, aka hana tuƙi kwana da kwanaki, mutum sama da 40 suka rasu a yankin nan, wasu a cikin mota, wasu a gidajen da babu ɗumi, wasu zuciya ce ta buga suna kwasar ƙanƙara da shebur. Mu a lokacin muna gidan haya, wuta ta ɗauke mana kusan kwana uku. A nan na gane cewa na'urar ɗumama gida, ko da da gas take aiki, fankar da ke tura ɗumin sai da lantarki. Gas yana nan, ɗumi babu. Yarana uku da rigunan sanyi a cikin bargo, ƙaramar tana kuka har muryarta ta dishe. Ranar na yi wa kaina alkawari ba za a sake ba. Wata guda kafin wannan ma, a Nuwamba, garin Orchard Park da ke kusa da mu ya samu dusar ƙanƙara sama da ƙafa 6. Haka tafkin Erie yake: matuƙar bai daskare ba, iska mai sanyi ta bi ta kansa ta kwaso danshi, a kanmu take juyewa.

Bana muka koma gidan da ke kan kwana. Hanyar ƙafa ta gaba da ta gefe duk a wuyana suke, dokar gari ce sai ka share. Ga ciwon baya. Shi ya sa da na ga tallar raina ya biya: injin kwashe dusar ƙanƙara ƙirar Ariens mai faɗin inci 24, irin mai aiki biyu ɗin nan, na gaba ya tattaro, na ciki ya watsar, janareta Honda mai wat 2,200, da tayoyin hunturu huɗu a kan rim ɗinsu, daidai da Camry ɗina. Duka dala 1,600. Injin da janaretan, kowannensu sabo ya haura dala 1,000, to na hannu a wannan farashi ba wani abin mamaki ba ne. Ba banza aka ce za a ba ni ba. Mai tallar ya ce Florida zai koma, me zai yi da injin ƙanƙara a can? Magana ta yi ma'ana.

Ranar Asabar muka haɗu a wani wurin ajiyar kaya na haya a Cheektowaga, nan gefen Buffalo, irin ɗakunan nan masu ƙofar ƙarfe da ake turawa sama. Dattijo ne, jama'a. Gemu da furfura, hannu duk baƙin mai, farce ya yi baƙi irin na bakanike na gaske. Ya turo injin waje, ya ja igiya sau biyu ya tashi. Na saurara, ƙara lafiya lau, babu tari babu shaƙewa. Na zaro ma'aunin baƙin mai, tas. Na buɗe tanki na shinshina, don na san fetur ɗin ƙasar nan da ake gauraya wa etanol kashi 10 cikin ɗari, in ya kwana wata shida a tanki ruwa yake ja, ya yi danƙo ya toshe kafureta. Babu wannan tsamin warin. Ya ce duk ƙarshen hunturu yakan bar injin ya ƙone man da ke ciki har ya mutu da kansa, sannan ya ajiye. Daidai ke nan. Na durƙusa na duba ƙananan ƙusoshin nan na jikin abin da ke tattaro ƙanƙarar, waɗanda aka yi su don su karye in ya ci dutse, kada giya ta lalace. Suna nan, har ya nuna mini wasu guda huɗu a leda ya ce kyauta. Tayoyin ma na duba, ga tambarin tayar hunturu, dutse mai kai uku da furen ƙanƙara a ciki, ga lambobi huɗun nan na mako da shekarar da aka yi su, shekara biyu kacal. Janareta ja ɗaya, ya tashi, shiru kamar ba a kunna ba. Ku gaya mini, me kuma ya rage ban duba ba?

Sai ya kashe janaretan ya tambaye ni ko ina da yara. Na ce uku. Ya dafa hannuna, nan, saman gwiwar hannu, ya kalle ni cikin ido ya ce, "Abokina, ka yi mini alkawari ɗaya. Kada ka taɓa kunna wannan a gareji, ko da ƙofa a buɗe take. Ka fitar da shi waje, ƙafa 20 daga gida, bakin hayaƙin ya juya wa taga baya. Abin da ke kisa a hayaƙin nan ba shi da wari, ba shi da launi. Ka sayi ƙararrawar da ke jin sa, mai batir, ka saka kusa da ɗakin yaran."

A nan aka gama da ni. Wallahi a nan ne. Ba tashin injin ba ne, ba farashin ba ne. Na tuna labaran da muke ji a gida, iyali guda a kwanta da janareta a tsakar ɗaki ko a lungu, da safe a fasa ƙofa. Na ce a raina, wannan bawan Allah ya damu da ran 'ya'yana. Wane ɓarawo ne zai tsaya yana yi maka nasiha a kan ɗakin yara? Har yanzu in na kwanta sai in ji hannun nan nasa a kan nawa. Kuma abin da ya faɗa gaskiya ne, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Kowace kalma gaskiya ce.

Nan take na tura masa dala 750 ta Zelle, hanyar tura kuɗi ta waya daga banki zuwa banki.

Tsaya, na tsallake wani abu. Akwai dala 400 da na riga na tura tun ranar Alhamis, kafin alƙalami, kafin ma in ga kayan. E, na sani. Ya ce mutum uku ne ke layi, wanda ya fara ajiye wani abu shi zai riƙe wa. Wannan kam kuskurena ne, na yarda. Amma ai na je na ga kayan bayan nan, ko? Da na je na tarar babu komai, sai a ce wauta ce. Na je, na gani, na taɓa, na kunna. Kuma sunan da ya fito a Zelle ba shi ne sunan da ke kan tallar ba, sunan mace ne. Ya ce asusun matarsa ne, ita ke riƙe kuɗin gida, har muka yi dariya a kai. Wannan ranar Alhamis ne ko ranar Asabar ya faɗa, na rikice, zan duba hirar. Duk tana nan a wayata, ban goge komai ba, zan saka hotunanta ku gani da idonku.

Tambayar da uwargida ta yi mini, wadda har yau ban iya amsawa ba: "Maigida, to janaretan fa? Shi ma bai shiga but ba?" Injin ƙanƙarar dai ya kai nauyin buhun shinkafa biyu, ba zai shiga Camry ba, wannan kowa ya sani. Amma janaretan da hannu ɗaya ake ɗauka. Tayoyin ma da sun zauna a kujerar baya da but. Na biya dala 1,150 a lokacin, kayan suna gabana, motata tana taku biyar daga wurin, na juya na tafi hannu rabbana. Saboda ya ce, "Bar su, zan canza wa janaretan baƙin mai da filogi, ranar Talata in kawo maka duka a motata ta ɗaukar kaya, ba sai ka ɓata kujerunka ba." Har na yi masa godiya. Na ce Allah ya saka. Ni da bakina.

Kuma ga dabarar da sai yanzu na gano: shi ya ce in riƙe ciko a hannuna sai kaya sun iso. Shi ya kawo shawarar, ba ni ba. Na ce mutumin da ya bar kuɗinsa a wurina ai dole ya zo. Ashe ciko ne na riƙe, shi ya riƙe uwar kuɗin da kayan gaba ɗaya.

Ranar Litinin ya rubuto cewa ya ga bel ɗin injin ya fara tsagewa, gara a canza yanzu da a tsakiyar Janairu, kuma zai kai tayoyin a yi musu balans. Dala 200, a cire daga ciko. Na tura ina cikin hutun aiki, ƙarfe biyun dare, ko tunani ban yi ba. 400 da 750 da 200. Ku haɗa. Dala 1,350. Ciko 250 yana nan a asusuna yana kallona.

Talata motarsa ta lalace. Laraba mahaifiyarsa tana asibiti, har na yi mata addu'a. Alhamis waya a kashe, shafinsa na Facebook ya yi ɓatan dabo. A'a, shafin tun Laraba da daddare ya ɓace, uwargida ce ta fara lura, ni na ce mata matsalar intanet ce. Juma'a bayan an sauko daga masallaci na koma wurin ajiyar. Ɗakin a buɗe, an share shi tas, sai ɗigon baƙin mai a siminti daidai inda injin ya tsaya. Matar da ke ofis ta ce ba ta da ikon ba ni bayanin mai haya sai dai 'yan sanda su nema, kuma gaskiyarta ne.

Ina tsaye a wurin sai ga wani tsoho Bature ya fito daga mota da 'yar takarda a hannu, rasit ne da aka rubuta da biro. Injin nan dai, janaretan nan dai. Shi 900 ya biya. Muka tsaya muna kallon ɗakin kamar masu zaman makoki. Can sai ya ce mini, "Ka san abin da ya sa na yarda da shi? Ya tambaye ni ko jikokina suna kwana a gidana, ya ce in ajiye janaretan ƙafa 20 daga gida."

Jama'a, ƙafafuna suka kasa ɗaukata, sai da na jingina da mota. Ashe hadda ce. Har dafa hannun.

Mun je tare mun kai rahoto wurin 'yan sanda, an ba mu lamba, an karɓi hotunan hirar da na kuɗin da na tura. A banki an rubuta ƙorafina, amma an gaya mini gaskiya cewa ni na tura da hannuna, kuma kuɗin Zelle kamar tsabar kuɗi ne, in ya tafi dawowarsa da wuya. Ban saka sunansa a nan ba don sunan ma na ƙarya ne, na matar kuma ban san ko tana da hannu ko ita ma amfani aka yi da asusunta ba, ba zan ɗauki alhakin wani ba. Lambar motarsa ban ɗauka ba. Lambar jikin injin ban ɗauka ba. Ni da na durƙusa ina duba ƙusa.

Shawara, in kuna so: kada ku biya ko sisi sai kaya suna cikin motarku. In bai shiga ba, ku ari motar ɗaukar kaya ku je da ita. In sunan asusu ya bambanta da na mai talla, ku juya.

Kuma masu cewa da ni ne da ba haka ba, Allah ya sa. Ni ma haka nake faɗa da. Akwai wani ɗan'uwa da na yi wa dariya bara a kan kuɗin haya da aka ci masa, na kira shi shekaranjiya na ba shi haƙuri.

An ce mako mai zuwa dusar ƙanƙara za ta fara zuba. Na sayi shebur na dala 28, motar tana nan a kan tsofaffin tayoyinta, batir ɗin ma ban kai an gwada ba don babu kuɗin canzawa in an ce ya mutu. Abu ɗaya na riga na saya tun ranar Lahadin nan, washegarin haɗuwarmu, ina ta murna: ƙararrawar hayaƙin da ya ce. Tana nan a bango kusa da ɗakin yara, 'yar fitilarta kore tana ƙiftawa. Duk wucewar da zan yi sai na gan ta. Hotunan hirar da na tallar da ta dawo zan saka su in na tashi daga aiki da asuba, sai na rufe lambar asusuna tukuna. Dala 1,350.