Ajin ƙari ga yaran da ke karatu a gida: wanne za ka biya wa kuɗi?

Tun bayan korona a 2020, iyalai da dama a Amurka, har da namu mutanen, sun koma koyar da 'ya'yansu a gida. Doka ta amince a dukkan jihohi 50, sharuɗɗa ne suka bambanta: a New York sai ka miƙa tsarin karatun shekara da rahoto sau 4, a Texas kuwa ba mai neman rahotonka. Amma duk wanda ya fara, ba ya jimawa yake gane cewa teburin falo bai isa ba. Yaro yana bukatar sa'anninsa, kuma akwai darussan da uwa ba za ta iya ita kaɗai ba. Daga nan ake shiga neman aji na rana ɗaya ko biyu a mako.

Shawarata, kada jerin darussan da ke takardar talla ya ruɗe ka. Kowa zai rubuta kimiyya da zane da lissafi. Abin da kake saya shi ne ra'ayin masu ajin game da yadda ake tarbiyyar yaro.

Mafi araha ita ce haɗakar iyaye, wadda suke kira co-op. Kuɗin kaɗan ne, amma da lokacinka za ka cika: wannan uwa ta ɗauki kimiyya, waccan ta kula da ƙanana, wani uba ya share ɗaki. Da yawansu a harabar coci suke haɗuwa, wasu kuma sai ka sa hannu a takardar aƙida kafin su karɓe ka. Ka nemi takardar tun ranar farko, kada sai yara sun saba da juna sannan a ba ka haƙuri. Ingancin karatu ya dogara da wadda ta ɗauki ajin a wannan zango.

Sai Classical Conversations, wanda Leigh Bortins ta kafa a 1997. Tsari ne na Kirista, ba su ɓoye ba. Ƙanana suna haddace tarihi da nahawun Latin da ƙa'idojin lissafi ta hanyar waƙa, sai sun girma a shiga mantiƙi da muhawara. Mu ba za a gaya mana darajar hadda ba. Iyali Kirista mai son tsari tsayayye zai ji daɗinsa. Amma yaron da yake da hadda da safe, ga Islamiyya Asabar da Lahadi, ni ban ga dalilin ƙara masa wata haddar ba, ko da an ajiye maganar aƙida a gefe.

Irin wannan yaron na fi so masa ajin da ke bin tafarkin Charlotte Mason, malamar Ingila da ta rasu a 1923. Darasi gajere ne, kamar minti 15 ga ƙanana. A karanta musu labari sau ɗaya, a rufe littafi, a ce wa yaro: "To, faɗa mana abin da ka ji." Sannan a fita waje da littafin zane, ya tsuguna gaban ganye ko tururuwa ya zana abin da idonsa ya gani. Yaranmu da aka hora da yin shiru gaban manya suna samun bakin magana a nan, ba tare da sun koyi rashin kunya ba. Charlotte Mason ita ma Kirista ce, wasu ajujuwan na rera waƙoƙin coci, wasu ba sa yi. A tambaya.

Tsarin Montessori ya faro ne a Rum a 1907, kuma ya ginu a kan barin yaro ya zaɓi aikinsa da kansa. Yana da tsada, kuma kowa na iya manna sunan a ƙofarsa, don haka ka nemi ganin shaidar horon malamar daga AMI ko AMS, ƙungiyoyin da ke kula da horon malaman Montessori. Tsarin Waldorf, wanda Rudolf Steiner ya fara a Jamus a 1919, yana jinkirta koyon karatu har wajen shekara 7, yana nesanta yara da waya da talabijin, yana koya saƙa da sassaƙa. Aikin hannunsu abin sha'awa ne, sai dai akwai falsafar ruhi ta Steiner a ƙarƙashin bukukuwansu, wadda ba kowane gida zai lamunta ba.

Kumon daban yake: takardun lissafi da karatu kullum, zuwa cibiya sau 2 a mako, biya wata-wata a kan kowane darasi. Yana gyara wa yaro hannu a lissafi, amma kowa kansa a sunkuye yake, ba wurin yin abokai ba ne.

Kafin ka zaro kati, ka leƙa ɗakin karatu na unguwarku da ƙungiyar yara da matasa ta 4-H, domin ana samun ajin kimiyya da noma kyauta ko a kuɗi kaɗan. Duk inda ka zaɓa, ka roƙi su bar ka ka zauna a aji na yini guda, ka ga abin da malama take yi in yaro ya ba da amsar da ba daidai ba, ka kuma tambaya ko ana mayar da kuɗi in kun janye a tsakiyar zango.