Kifinka na haki a saman ruwa? Ga abin da za ka saya da abin da za ka bari a shago

Idan kifayen da ke akwatin gilashinka suka taru a saman ruwa, baki buɗe, murfin kunnuwansu na ɗagawa yana sauka da sauri, to abu biyu ne. Ko dai iskar oksijin ta yi ƙaranci a ruwan, ko kuma tana nan amma kifin ya kasa shaƙarta. Sai ka rarrabe waɗannan kafin ka fitar da ko sisi, don mai shago duk abin da hannunsa ya kai gare shi zai ce maka shi ne maganin.

Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi. A zafin digiri 20 na ma'aunin Salsiyas, lita ɗaya na ɗaukar kimanin miligiram 9 na oksijin. A digiri 30 ya sauko wajen 7.5, alhali a lokacin ne jikin kifi ke ƙara buƙatarta. Shi ya sa daga Maris zuwa Mayu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke tafasa, masu kiwon kifin ado suke yawan wayar gari da asara. Ƙara da cunkoso, da abincin da ya ruɓe a ƙasa, da ruwan burtsatse da aka zuba daga fitowarsa, wanda yawanci ba shi da isasshiyar iska sai ya sha motsi. Ɗaya ɓangaren kuma guba ce: amoniya daga kashin kifi tana ƙona jan naman da yake numfashi da shi, naitarait, gubar da amoniyar ke rikiɗa ta koma, tana shiga jini ta hana shi ɗaukar iska har naman ya koma ruwan ƙasa, kuloriin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo don tsabtace shi, shi ma haka yake ɓarna. Wannan babu injin da zai warkar da shi, sai canjin ruwa. Kuma kada ka tsorata da kifayen da ake kira beta ko gurami idan suna leƙowa sama jefi-jefi, halittarsu ce, suna shaƙar iskar waje kamar yadda tarwada take yi.

To me za a saya?

Ni dai zaɓina ɗaya ne, ba na kuma ɓoyewa: injin iska mai batir a ciki, wanda ke aiki da wutar gida, in an ɗauke ya koma kan batir da kansa, haɗe da matatar soso. Soso ne zagayayye da ake ajiyewa a ƙasan akwati, iska ta bi siririn tiyo ta shiga tsakiyarsa, kumfa ya tashi sama yana jawo ruwa ta cikin soson. Mutane da yawa na zaton kumfan ne ke narkewa ya zama iskar da kifi ke shaƙa. Kaɗan ne ke shiga ta nan. Babban aikin a fuskar ruwa yake, inda kumfan ke fashewa yana motsa saman, ana kuma juyo ruwan ƙasa zuwa sama. Shi kuwa soson gida ne na ƙwayoyin bakteriya masu amfani, waɗanda ke mayar da amoniya naitarait, su sake mayar da ita abin da bai kai ta illa ba. Wato na'ura guda ta tare maka ƙofofin biyu da matsalar ke shigowa. Sai dai ƙwayoyin kan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su zauna sosai a sabon akwati, saboda haka kada ka cika shi da kifi tun ranar farko.

Abin da ya fi burge ni shi ne rashin cin wutarsa. Ƙaramin injin ba ya wuce wat 2 zuwa 5. Ba ya tsotse ƴaƴan ƙananan kifaye irin su gufi ko moli, ba ya kaɗa beta mai dogon jela ya gajiyar da shi. Wankinsa kuma, ka ɗebi ruwan akwatin a roba, ka matsa soson sau kaɗan har ruwan ya yi baƙi, ka mayar. Kada ka kai shi bakin famfo, kuloriin zai kashe ƙwayoyin da ka yi makonni kana reno. Aibinsa biyu: ba shi da kyan gani, kuma injin na gurnani da dare. Ka ɗora shi kan tsumma, ka ɓoye soson bayan dutse, magana ta ƙare. Ka tuna da ɗan bawul ɗin nan da ake sa wa a tiyo don hana ruwa komawa baya, ko kuma ka ajiye injin sama da matakin ruwa. In ba haka ba, ranar da ya tsaya, ruwan zai biyo tiyo ya cika injin ya malale ɗaki.

Sauran kuwa, matatar da ake ratayawa a bayan gilashi tana zubo ruwa tana da kyau muddin akwai wuta, in an ɗauke ta zama ado. Matatar gwangwani ta ƙarƙashin tebur ta masu inbata ce, waɗanda wuta ba ta yanke musu. In ta yi sa'o'i a tsaye ƙwayoyin cikinta sun shaƙe, wuta na dawowa ta turo wa kifi ruwa mai wari. Famfon da ake nutsawa cikin ruwa yana ƙara ɗumi, abin da muke gudu ke nan. Tsirrai suna ba da iska da rana, da dare su ma shaƙa suke yi, shi ya sa hakin ya fi tsanani da asuba. Ƙaramin injin USB da ake haɗawa da fawa bank ba laifi a matsayin na ko-ta-kwana, wajen wat 1 yake ci, amma sai kana gida za ka jona shi. Ƙwayoyin oksijin masu kama da ƙwayar magani da ake jefawa cikin ruwa kuwa, ka bar su inda ka gan su.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne nake so ka buɗe ido. Duk darajar injin iskan nan mai batir a batirinsa take, batirin kuma shi ne abin da ba ka gani. Da yawa daga cikinsu batir mai lamba 18650 ne a ciki. Na ƙwarai iyakarsa wajen 3,500 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa, nauyinsa kusan giram 45. Duk wanda ka ga an rubuta masa 9,900 mAh ƙarya ce tsagwaronta, babu irinsa a wannan girman. An taɓa sayar mini da wani injin a wani shago da alƙawarin zai kwana ya wuni. Bai kai tsakar dare ba ya yi shiru, da aka buɗe shi batirin sakayau kamar ba komai a ciki. Wasu ma tsoffin batiran kwamfuta ake sake wa riga a cusa. Don haka kada ka yarda da rubutun kwali. Ka sa a jona shi a gabanka, a zare fulogi, ka ga ko ya koma kan batir nan take ba tare da an danna komai ba. Ka nemi sharaɗin cewa za ka gwada shi dare ɗaya a bokiti, in bai kai safe ba ka dawo da shi. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya san abin da yake sayarwa.

Ka gwada ƙarfinsa a zurfi ma. Injin da robar cikinsa mai tura iska ta saki zai yi kumfa sosai a kofi, amma ka nutsa tiyon ƙasan bokiti cike sai ya koma ɗigo-ɗigo. Ka tambaya ko ana samun robar canji, don ita ce ke fara mutuwa. Sunaye irin su Sobo da Resun da Hailea sun yawaita a shagunan kifi, amma suna a jikin kwali ba hujja ba ce. Ka duba ko rubutun ya dushe, ko sukurorin sun nuna alamar an taɓa kwance su.

Sai masu kwalaben ruwa kala-kala marasa bayanin abin da ke ciki, ana ce maka maganin numfashi ne. Shuɗin yawanci wani magani ne mai suna metilin bulu, yana da amfaninsa a akwatin jinya na daban, amma in ka zuba shi a babban akwati zai kashe ƙwayoyin sosonka. Abin da ya cancanci kuɗinka bayan injin biyu ne: maganin cire kuloriin, da kayan gwajin ruwa na ɗigawa, wanda ya fi na takarda gaskiya, musamman takardar da ta daɗe a buɗe tana shan zafi. Ka duba ranar lalacewarsa. In gwaji ya nuna amoniya da naitarait sifiri ne, iska na tafiya, amma kifi ɗaya na ta haki yana goga jikinsa da dutse, to ka fara zargin tsutsar da ke kama naman numfashin kifi ko ciwon farin ɗigo, ka ware shi daban.