Gargaɗi: Mai sayar da makin otal ya ci min naira miliyan 1 da dubu 850

Jama'a, naira miliyan 1 da dubu 850 na tura wa wani mai sayar da makin otal, wato makin da ake kama ɗaki da shi a maimakon kuɗi, don ya kama mana ɗakin Umra. Har yanzu in na faɗi kuɗin nan sai ƙirjina ya yi zafi. Ba ma kuɗin ba, tsayuwar da na yi a gaban kanta a wani otal a Jabal Omar da ke Makka, Hajiyarmu tana kan keken guragu a bayana, mun kwaso gajiya tun daga Jidda, ma'aikacin yana duba kwamfuta yana girgiza kai. Ya ce an soke ɗakin tun kwana 6 da suka wuce. Hajiya ta ce, "Lafiya dai ko?" Wallahi na kasa juyowa in kalle ta.

Kada kowa ya ce min kwaɗayi ne. Na zauna na yi lissafi. Manyan kamfanonin otal da kansu suna sayar da maki: Hilton dala 10 kan maki 1,000, Marriott dala 12 da rabi, wani lokaci Hilton har ninkawa yake yi in ana rangwame. Akwai kuma tsarin nan na ka biya makin kwana 4, na 5 kyauta. Ina buƙatar maki 400,000. Ko da rangwamen ninki, lissafina ya kai wajen miliyan 3. Shi mai sayar da makin ya ce miliyan 1 da dubu 850. Ni ɗan kasuwa ne, na san sari na san kiri, na ɗauka sari yake yi.

Kuma na gwada shi! Wannan ne ke hana ni barci. Kafin nan, ko wata biyu ne ko uku, ya kama min ɗaki kwana ɗaya a Abuja, na kwana lafiya, ba wanda ya tambaye ni komai. A wani zauren WhatsApp na masu zuwa Umra na same shi, mutane suna ta sa masa albarka. Ranar da zan tura kuɗin ina shago bayan la'asar, yatsana a kan waya, na tsaya. Sai ga saƙon murya: "Alhaji, Hajiyarka Hajiyata ce, zan cuce ka a kan Ɗakin Allah?" Na saurara sau biyu. Na tura. Da na tsaya a kan tsayawar nan. Ya aiko da lambar kama ɗakin, na duba, ga sunana, ga kwanakin. Me ya rage in bincika?

Sai daga baya na gane, makin ba nasa ba ne. Asusun wani bawan Allah aka yi wa kutse aka kwashe, mai shi ya kai ƙara, aka soke komai. Otal ba su da laifi. Dokar waɗannan kamfanoni ma ta hana cinikin maki a bayan fage, in sun gano suna iya rufe asusunka.

A daren na kira shi sau 14. A'a, tun muna filin jirgi ma na yi masa saƙo ban ga amsa ba, na ce ƙila sabis ne. Yanzu ya toshe ni, ya fice daga zauren. Ɗan guzurin da na ware wa Hajiya na tsaraba shi na biya wani ɗaki can nesa da Harami, kullum sai mun nemi mota.

Hotunan hirarmu, risit ɗin banki da saƙon muryar duk suna nan, zan ɗora su da zarar na gama shigar da ƙara.

In za ka sayi maki, saya a shafin kamfanin da asusunka, bayan ka ga ɗakin yana nan kuma kuɗin makin bai kai na ɗakin ba. Kada ka tura wa mutum ko sisi.

Miliyan 1 da dubu 850. Hajiya har yau ba ta san adadin ba. Allah ya isa, ban yafe ba.