Akwatin robobin RNA: ya iya haruffa, bai iya naɗi ba

Wata uku ke nan ina shiga aji da wannan akwatin robobi na harhaɗa DNA da RNA, yanzu kam ina da bakin magana a kansa.

Abin da ya fi burge ni ɗan mitsitsi ne. A jikin sukarin RNA, wato ribos, sun maƙala wani jan ɗigo mai wakiltar oksijin a kan kabon na biyu, wanda babu shi a sukarin DNA. Shekara da shekaru ina zana wannan oksijin a allo, yara su kwafa, amma bai taɓa zama musu ba. Ran nan wata ɗaliba ta ɗora sukarin biyu a tafin hannunta, ta shafa ɗigon da yatsa, ta ce, "Malam, wai iyakar bambancinsu ke nan?" Shi ne fa, kuma saboda shi RNA ke saurin lalacewa, DNA kuwa ta daɗe.

Haruffan ma an yi su da basira. A RNA, U ta zauna a gurbin T ta DNA, tana kama A da ƙugiya biyu, G da C kuma da uku. Da su muka kwafo saƙo daga DNA, muka karanta shi uku-uku: AUG a fara, UAA a tsaya. Cikin darasi ɗaya suka gane cewa kodon, wato waɗannan haruffa uku-uku, 64 ne, uku na tsayawa, sauran sun rarraba amino asid 20, tubalan gina furotin, a tsakaninsu.

To amma zaren ba ya lanƙwasuwa, kuma nan ne gizo ke saƙar. A cikin ƙwayar halitta RNA ba miƙe take kamar sanda ba. Naɗewa take yi ta kama jikinta, wani lokaci har G ta riƙe U, abin da robobin nan suka ƙi ko da ka matsa. Ɗauki tRNA, ƙaramar RNA mai dakon amino asid, mai haruffa wajen 76, irin wadda Robert Holley ya fara karanta jerinta a 1965: ainihin siffarta kamar harafin L take, amma masu akwatin wani falle suka ba mu. Ribozom kuwa, wato injin haɗa furotin, a akwatin faranti ne kawai da ake zura saƙo a ciki, alhali a zahiri RNA ɗin da ke cikinsa ce ke ɗaure amino asid da juna har furotin ya samu. Gano cewa RNA na iya irin wannan aiki na enzayim, wato hanzarta haɗuwar sinadarai, ne ya sa aka ba Thomas Cech da Sidney Altman kyautar Nobel a 1989. Yaron da ya dogara da akwatin nan kaɗai zai fita yana zaton RNA 'yar aike ce kurum.

Ƙugiyoyin ma ba su da ƙwari, biyu sun karye tun a mako na biyu.

Zan ci gaba da amfani da shi a darasin kwafar saƙo da karanta kodon. Na naɗi kuwa, waya mai laushi na samo na lanƙwasa tRNA da hannuna, ita nake zagayawa da ita benci-benci.