Hankalin waje da hankalin zuci: wa ke riƙe da ƙofar?

Malam, ka tambaya me ya sa ɗan adaidaita sahu kan wuce inda fasinja ya ce a sauke shi, alhali idonsa na kan titi. Amsar tana bayan goshi, a can gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ake kira yanki na 10 a taswirar da Bajamushe Korbinian Brodmann ya fitar a 1909. A 2007 masanin ƙwaƙwalwa Paul Burgess da abokan aikinsa a Landan suka kamanta wurin da ƙofa: ko a buɗe wa abin da ke waje, ko wa abin da ke zuci.

Hankalin waje abincinsa ido da kunne: hon, danja, mai turin baro da ya ɓullo a Ƙofar Wambai. Sauri gare shi, kuma a ra'ayin Burgess ɓangaren tsakiya na yankin ne ke ƙarfafa shi. Hankalin zuci kuwa ba ya jiran komai daga waje. Da shi ake lissafin balas da kuɗin mai, da shi ake riƙe "zan sauke Hajiya a Kantin Kwari" har lokacin ya zo. Ɓangaren gefe ya fi aiki a nan, musamman a daidai lokacin sauyawa daga wannan zuwa wancan. Direbanka yana gani sarai, hannu na tuƙi bisa sabo, ƙofar ce ba ta juyo a kan lokaci ba. Gajiya da rashin barci na ƙara wannan.

Abin da ya fi damunmu shi ne rauni. Wanda ya bugu a goshi a hatsarin babur zai iya warkewa, magana lafiya, lissafi daidai, amma a aike shi kasuwa da saƙo uku ya dawo da ɗaya. A 1991 Tim Shallice da Burgess sun tura majinyata uku masu raunin gaban ƙwaƙwalwa sayayya tare da 'yan ƙa'idojin da za su bi, suka rikice, duk da sun ci gwajin basira da aka yi musu a zaune. A gida sai a ce sakarci ne ko raini, kuma zalunci ne a ce haka.

In kun ga haka bayan bugun kai, ku kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ku faɗa masa takamaiman abin da ya kasa yi. Kafin nan, a rubuta masa saƙo a takarda, a ba shi aiki ɗaya bayan ɗaya, a saita masa ƙararrawar waya don lokacin shan magani.